Mai Tsaron Gefen Dama

A farkon shekarun casa'in ina tura gadon marasa lafiya a wani asibiti a Bronx. In an tashi cin abinci, musun abokan aikina ɗaya ne: a besbol, wasan ƙwallon nan da ake duka da sanda, cikin masu tsaron gefen dama na fili, wa ya fi kowa? Wannan ya ce wane ya fi ƙarfin jifa, wancan ya ce ina, wane ya fi duka. Ni ko kallona ba a yi.

Abin ya ishe ni. Daga unguwar Highbridge inda nake haya da ƙafa ake zuwa filin wasan, sai wata Asabar na je na zauna daidai bayan mai tsaron wajen. Na ɗauka ɗan lamba bakwai zan gani irin na ƙwallon ƙafarmu ta Kano, mai yanka da gudu. Ashe tsayuwa ce aikin. Bawan Allah ya wuni a rana yana jira. Da ƙwallo ta tashi nufo shi, ta samansa ta bi ta faɗa cikin 'yan kallo.

Ran Litinin na tsoma baki, na ce gwani shi ne wanda ya fi haƙurin tsayuwa. Suka kwashe da dariya, suka ci gaba da musunsu.

Amma ni ba wasa nake yi ba. Da digirina na zo ƙasar nan, aka ce in ɗan tsaya, lokacina na tafe. Har furfura ta cim mini ina tsaye.