Fasinjan Kujerar Gaba

Duk wanda ya taɓa hawa mota daga Jega zuwa Aliero ya san Mu'azu direba. Shekara ashirin yana kan hanyar nan. Ya ɗauki albasa, ya ɗauki 'yan jami'a, ya ɗauki masu karaya zuwa wurin ɗori suna ihu yana ba su labari. Sai cikinsa ya tayar masa. Tafiyar da ba ta kai shan kara ɗaya na rake ba, sai ya taka birki sau uku, ya zari buta ya faɗa gonar mutane. Har da jini. Ya sha jiƙon basir har ya koma kamar sillen kara.

Ran nan Alhaji Tukur, ciyaman ɗin tasha, ya tare shi gaban jama'a.

"Mu'azu, fasinja na tsoron ka shafa musu. Mun cire ka daga layi."

"Alhaji, wa yac ce ana ɗauka?"

"Kawo muna shaidar ba a ɗauka."

Mu'azu ya je asibiti, likita ya ba shi 'yar roba, ya ce ya kai bayan gidansa ɗakin gwaji a Birnin Kebbi. Don kunya gogan ya naɗe ta a tsumma, ya cusa ƙarƙashin kujera inda zafin inji ke bugawa, ya kwana biyu yana jan ƙafa. Da ya miƙa, mai gwajin ta ce, "Malam, wannan ai ka dafa shi. Kawo sabo."

Nan kunya ta ƙare. Washegari ya saka sabon a kula da ƙanƙara, ya ɗora a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel, ya bi ta tsakiyar tasha yana hon.

Auwal ɗan kamasho ya leƙo. "Maigida, mi ke cikin kula, kunun zaƙi?"

"Kashina na, za shi ganin likita. Ka ɗana?"

Sakamako ya fito bayan mako guda. Ba kwalara, ba tsutsa. Alamar kumburin hanji ce, irin wanda ba a ɗauka, sai an leƙa da na'ura a Sakkwato a tabbatar, magani kuma na dogon zango.

Mu'azu ya sa Auwal ya karanta da ƙarfi, sannan ya dire takardar gaban ciyaman.

"Ga shaida, Alhaji. Tsayawa kuwa sai na tsaya. Mai gaggawa ya hau jirgi."

Alhaji Tukur ya juya takardar, ya sake juyawa, ya yi gyaran murya.

"Ka koma layi, kai ke bin motar Ɗahiru. Je ka yi lodi."