Kadidiya, Wadda Ta Leƙa Rumbunan Adar

A ranar Litinin, 14 ga Yuni, 2010, kwamitin bincike na haɗakar manoma da makiyaya ta yankinmu ya ƙirga mushen shanu 412 a kewayen rijiyoyi uku na Tebaram. Ina cikin waɗanda suka yi ƙirgar. A wannan makon, buhu 900 na dusa yana kulle a mangaza, wato ɗakin ajiyar haɗakar, da ke Kalfu, kamyon haɗakar, babbar motar kaya, kuma ya kwana goma sha ɗaya a Tahoua da tankinsa cike da mai. Tsakanin yunwar da abincin, tafiyar ba ta kai yini ba.

Na ga farin 1973, na ga na 1984. A waɗancan shekaru babu ce ta kashe dabbobi. A 2010, a Tebaram, akwai. Ba a dai san akwai ba.

Saboda wannan ƙirgar nake rubuta jinjina ga Malama Kadidiya, shugabar ayyukan haɗakar, wadda ta ajiye aiki bayan shekara ashirin da biyu. Duk wanda ya saba bi ta gaban biron haɗakar, ofishinmu na Tahoua, ya san safiyarta. Ƙarfe bakwai take buɗe ƙofa. Ta share allon hasken rana da hannunta, domin kuran, wutar lantarkin gari, ba abin dogaro ba ne, ta kunna na'ura, ta duba abin da ya shiga da abin da ya fita a Barmou, Kalfu da Tebaram. Mangazar da ba ta aiko komai ba, sai ta kira mai tsaronta, ta gaishe shi, ta tambayi iyali, sannan ta tambayi buhuna.

A 2010 sakatariya ce kawai, mai buga wasiƙu. Ita ce ta shimfiɗa tabarma bayan mun dawo, ta jera kaye uku, littattafan lissafi: na masu mangaza, na direba, da na sunayen makiyaya. Kowane littafi da mai shi, kuma ba su taɓa haɗuwa a wuri ɗaya ba. Direba yana jiran takarda daga biro, biro yana duban kayen Kalfu, kayen Kalfu kuma buhu 300 ya nuna, waɗanda tuni aka raba su a takarda. Sauran 600 ba a rubuta su ko'ina ba.

Ba sata aka yi ba, kuma dole in faɗi wannan a fili. Manzo, mai tsaron mangazar Kalfu, bai ci ko tiya ɗaya ba. Ya yi abin da magidancin Adar yake yi ne tun kaka da kakanni: ba a faɗin abin da ke cikin rumbu. Wanda ya bayyana cikar rumbunsa ya gayyato masu roƙo, kuma idan damina ta makara, gidansa ne zai kwana da yunwa. Manzo ya ɗauki mangazar haɗaka kamar rumbun garinsu, ya ɓoye kashi biyu cikin uku saboda mutanen Kalfu.

A cikin watan ne wani makiyayi mai suna Alƙasum ya zo biro daga Tebaram. Shanu arba'in gare shi, biyu suka rage. Bai yi faɗa ba, bai nemi komai ba. Ya ajiye dangwalin da yake ɗaure maruƙansa a kan teburin Kadidiya, ya ce ba shi da abin ɗaurewa, su da ke da ajiya su ajiye. Daga baya ya tafi Libiya neman aiki. Har yau ba a ji labarinsa ba. Kadidiya ta rataye igiyar a bangon da ke fuskantar kujerarta.

Shekara shida ta yi tana bin shugabanni kafin su yarda a sayi manhaja guda da za ta haɗa mangaza, kamyo da sunayen makiyaya, ta yadda buhun da ya shiga a Barmou za a gan shi a Tahoua kafin a rufe ƙofa. Sayenta ne mai sauƙi. Ta mai da dami da tiya da buhu zuwa awo ɗaya. Ta koya wa dattawa shigar da lamba a salula, wasunsu sai sun hau tudu kafin su sami rezo, layin waya. Barmou ta shiga, Tebaram ta shiga. Kalfu ta ƙi.

Waɗanda suka halarci zaman sun ba ni labari. Manzo ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce:

"Ɗiyata, shekara talatin muna tare da uwar ɗiyana, ba ta taɓa leƙa rumbuna ba. Ke daga Tahoua, da ɗan madubi, za ki leƙa?"

Mutane suka yi dariya. Kadidiya ba ta kai ƙararsa ba, ko da yake tana da hujja. Ta miƙa masa salular, ta ce, "Baba, kai fara leƙa nasu." Ya ga Barmou buhu nawa, Tebaram buhu nawa, abin da bai taɓa sani ba. Sannan ta buɗe wa Kalfu layi na musamman a cikin manhajar, ta kira shi ajiyar gari: kashi ɗaya cikin biyar na duk abin da ya shiga, kowa yana ganinsa, amma ba mai taɓa shi sai da yardar Manzo. Ya ce zai gwada damina ɗaya.

Gwajin gaske ya zo a watan Mayun 2022, bayan daminar da ba ta bar ciyawa ba. Na'urar ta nuna dusar Tebaram za ta ƙare cikin kwana huɗu. Barmou ta kwashe nata. Abin da ya rage a yankin duka shi ne ajiyar garin Kalfu, buhu 240. Kadidiya tana iya aika kamyo da takardar shugaba. Ba ta aika ba, domin ta san ranar da ta karya alkawarin nan, ranar masu mangaza za su koma ɓoyo. Ta kira Manzo ta faɗa masa lambar. Kwana shida ya yi yana shawara da dattawan garinsa, sama ba ko gajimare. A rana ta bakwai ya kira ta, ya ce, "Aiko da kamyon. In Kalfu ta rasa, ni ad da laihi."

Shanu 57 suka mutu a Tebaram a kwana ukun da mangazar ta yi babu komai. Na taɓa ce mata 57 ba 412 ba ne. Ta ce in je in faɗa wa masu su.

Malama Kadidiya, ke ce kika gane cewa littattafan ba su rabu ba sai da zukatan masu riƙe da su suka rabu. Ke ce kika ɗauki nauyin kwana ukun nan a wuyanki don kada a sake kulle buhu 600 a duhu. Rijiya mai ba da ruwa ba ta shela. Ba a taɓa kiran sunanki a rediyo ba, kuma hasken na'urar ya ci idanunki har likita ya hana ki dubansa. Mun gode. Allah Ya saka miki, Ya sauƙaƙa miki ciwon.

Ga shugabannin ayyuka na haɗakoki da kamfanonin jiharmu, kira ɗaya gare ni. Ku jera littattafanku a tabarma ɗaya tun kafin mushe ya tilasta muku, kuma ku tambayi mai ɓoyewa abin da yake tsoro kafin ku saya masa na'ura.

Ta miƙa makullan biro ranar Talata, 31 ga Disamba, 2024. Ba a naɗa kowa a kujerarta ba tukuna. A watan Maris, mangazar Barmou ta koma rubutu a kaye.