Jinin Maharazu a Kofin Shayi

Maharazu maƙwabcina ne a unguwar Nakkasa ta Makka, mutumin Kaltungo, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Shekara goma sha tara ke nan da ya zo aikin hajji ya ƙi komawa, babu iƙama ta izinin zama, babu ko takardar tsire. Sana'arsa tsintar rodi a gidajen da aka rushe a kan dutse. Yakan ce tunda mutane suka tashi ɓera ya gaji unguwar, maciji kuma ya biyo ɓera. Har ya rantse ya ga ƙaton gizo-gizo mai gashi ya danne ɗan maciji yana ci, muka yi ta yi masa dariya.

Wata Talata da hantsi ya ɗaga guntun bulo, kububuwa ta sare shi a tsintsiyar hannu. Matarsa Batulu ta kira ni. Na ce a tafi asibiti yanzu-yanzu, ya ce sam. A ganinsa asibiti tambayar takarda ce, daga nan sai tarhil, gidan da ake tsare marasa iƙama kafin a mayar da su ƙasarsu.

Ya ce a garinsu ba a yin tsammani. Jini ake zubawa a gilashi a jira minti ashirin. In ya daskare, dafi bai shiga ba. In bai daskare ba, mutum zai yi ta zubar da jini ta hanci da dasashi har rai ya fita. Batulu ta goge kofin shayi na gilashi, ya sa reza ya tsaga yatsa, ya ɗiga.

Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na minti ashirin ɗin nan ba. Muka zuba wa kofi ido. Hannunsa na kumbura. Ni kuwa tsumman da aka ɗaure yatsan nake kallo, don ya jiƙe sharkaf, jini na bin gwiwar hannu.

Da lokaci ya cika Batulu ta karkata kofin. Jinin ya gangaro kamar zoɓo.

"A ƙara minti biyar," in ji ta, muryarta can ƙasa. "Wataƙila agogon ne."

Maharazu ya tofa yawu a tafin hannunsa ya nuna mata, ja wur. Ya ce in kira Ma'aruf mai tasi ya kai shi asibiti. Batulu ta jawo abayarta za ta bi shi, ya tare bakin ƙofa.

"Ke zauna. In kamu ne, a kama mutum ɗaya."

Ya rayu, alhamdu lillahi, amma daga asibiti tarhil aka wuce da shi. Bayan wata biyu ya bugo waya daga Kaltungo. Batulu na nan tare da 'ya'yansu uku, waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai Makka.