Hayaƙin Mashekari a Gonar Baba

Shekara goma sha biyu ke nan da aka kai ƙanena Malam Umaru makwancinsa a Gwandu, Allah ya jiƙansa. Ku kun san shi da littafinsa, *Mashekari*, wanda yaranku ke karantawa a makaranta. Ni kuwa na san shi tun yana goye a bayana yana jiƙa mini zane. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake yi ana rubutawa. Amma yarinyar da ke cikin littafin nan ni ce, kuma daga bakina ya ji labarin kafin alƙalaminsa ya taɓa takarda.

A zamaninmu, in an gama girbi a Diggi, manomi ne ke zuwa ya roƙi makiyaya su sauka gonarsa. Shanu su ci kara, su bar masa taki, shi kuma ya kai musu damin gero na maraba. Wurin da suka sauka shi ake kira mashekari. Masu sauka gonar Baba daga Ceberu suke zuwa, kuma a cikinsu akwai wani dogon saurayi mai sanda bisa kafaɗa. Ba zan faɗi sunansa ba, don shi ya zama maigidana. Ko da yake ya daɗe da rasuwa, bakina bai saba ba.

Umaru ya rubuta wai ranar da muka fara haɗuwa na sunkuyar da kai don kunya. Da ya karanta mini wurin, sai na ce ya tsaya.

"Ni na sunkuyar da kai? Saniyarsa ta cinye mini waken da na shanya, na bi shi har gindin tsamiya ina zazzaga masa masifa!"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, in na rubuta haka, wa za ya yarda an aure ki?"

"To, shi da ya aure ni ai ya yarda."

Bai gyara ba. Malamin makaranta ne mai sanyin hali, amma a kan littafinsa kansa ya fi dutse tauri. Sai dai sauran duk ya faɗi daidai: ƙwaryar nono da aka aiko washegari a madadin wakena, da yadda na riƙa ƙirƙiro aike zuwa gona, da shekarar da shanu suka yi jinkirin zuwa har na rame Inna ta ɗauka ciwon shawara ne. Ya san yadda yarinya ke girma ba tare da kowa ya lura ba, har ita kanta.

Nakan tambayi kaina, in Umaru ya leƙo yau me zai ce? Littafinsa ya shiga garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba. Amma yaran da ke karanta shi sun ɗauka tatsuniya ce. Takin zamani ya zo cikin buhu. Karan da ake bari a gona yanzu tara shi ake yi a sayar. Fadama ta cika da albasar rani, hanyar shanu ta ƙuntata. Bara saniya ta shiga lambun wani maƙwabcinmu, har aka zare sanduna.

Bana abin ya iso gidana. Autana Garba shi ke noma gonar Baba. Da aka gama girbi, tsoho Buba, ƙanen maigidana, ya zo daga Ceberu neman izinin sauka kamar kullum. Garba ya ba shi ruwa, ya yi masa sallama mai kyau, ya ce bana dai a yi haƙuri. Na ga Buba ya juya yana dogara sanda. Na san in suka wuce bana, ba su ƙara dawowa, don makiyayi ba ya roƙo sau biyu.

Na kira Garba. Ya ce, "Inna, zamani ya canza. Albasata tana fadama. In suka yi ɓarna, wa zan kama? Baffana?"

Ban ce ƙarya yake yi ba, don guminsa ne a wurin. Na dai ce, "Kai da kake bugun ƙirji a kasuwar Kalgo kana cewa kawunka ne ya rubuta littafin nan, me ka karanta a ciki? Da kakanka ya yi abin da ka yi yau, da ba a haife ka ba."

Amma bai janye ba. Gonar Baba gado ce, kuma ina da kasona, gefen tsamiya. Na ɗauki mayafina na hau mota, na iske Buba, na ce ya kawo shanunsa gonata. Ya kira ni Adda, yadda suke ce wa yaya, ya ce, "Kada mu raba ki da ɗanki." Na ce ɗan da shanu suka kawo, shanu ba za su raba ni da shi ba.

Suka sauka. Garba ya yi kwanaki yana gaishe ni a tsaye. Sai wata safiya na tafi gona na hango shi tare da 'ya'yan Buba suna jan ƙaya, suna kewaye albasar. A gindin tsamiya kuwa ga damin gero a jingine. Ban aike shi ba, ban kuma tambaye shi ba.

Ban san shekara nawa wannan zai ɗore ba. Ni na tsufa, Buba ya tsufa, buhun taki kuma ba ya tsufa. Umaru bai bar gida mai bene ba, bai bar garke ba. Abin da ya bari shi ne wurin da jikokinmu za su duba su ga cewa an taɓa yin lokacin da manomi ke murnar ganin shanu a gonarsa.

Ranar nan na tsaya ina kallon hayaƙin mashekari yana tashi bisa karan dawa, kamar yadda ya kwatanta shi. Na ce, Umaru, wannan ka faɗi gaskiya. Amma batun sunkuyar da kai, har gobe ban yafe ba.