Cigiyar Jandarma

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba zan manta da ranar da na zauna kan tabarma a Garu wani dattijo ya ɗora mini ɗan zoben ƙarfe a tafin hannu ba. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya abin ya faru. Kuma ba dattijon nake jin haushi ba. Shi bawan Allah ya yi duk abin da ya kamata.

Ni buhunan zuba albasa nake sayarwa a kasuwar Malanbil. Kiwon tantabaru kuwa gadonshi na yi daga yayana, Allah ya jiƙan shi. Shi ne mai abin, ni ɗan kallo ne, har ciwon ajali ya kwantar da shi. Cikin abin da ya bari akwai wani namiji mai ruwan toka, ƙirji a gaba, wanda ya sa wa suna Jandarma, don a bakin akurki yake tsayawa, duk mai shiga sai ya sha sara. Da hannunshi ya sa mishi zobe a ƙafa tun yana ɗan shila. Daga baya wata cuta ta zo ta share 'yan gidansu kaf, Jandarma kaɗai ya rage daga jinin da yayana ya yi shekaru yana haɗawa.

A lokacin muna da zaurenmu na masu kiwon tantabaru a intanet. Wani Alhaji ɗan kasuwa a nan garin ne ya buɗe shi, shi ke riƙe da shi. Wurin ba shi da kyan gani ko kaɗan, farin shafi ne da baƙin rubutu, amma ko a tsakiyar gonar shinkafa kake, rezo, wato sabis ɗin waya, sanda ɗaya, zai buɗe. Mutanen Gaya na ciki, na Madekali, na Gene, har da na Kamba. Da safe kafin ka gama shan koko an yi gardama an shirya. Kuma da ka shiga, abin da za ka fara gani a sama shi ne Cigiya. Dokarmu ɗaya ce, kowa ya san ta: in baƙuwar tantabara ta sauka gidanka, ka ɗauki hotonta ka sa a Cigiya, ka ciyar da ita har sabon wata ya tsaya. In mai ita bai fito ba, ta zama halaliyarka. Tsuntsu bai san iyaka ba, bai san duwan masu karɓar kuɗin fito ba, sai ka ga na Gaya ya kwana a Madekali, kashegari an mayar wa mai shi.

Muna zaman lafiyarmu sai Alhaji ya je Kotonu, wasu suka nuna mishi nasu wurin mai walƙiya, ya dawo da kunya wai namu ya tsufa. Bai yi shawara da kowa ba ya ba wasu masu aikin suka rushe suka sake gini. Wata safiya na buɗe waya sai na ga hoton wata farar tantabara tana kaɗa fiffike, irin wadda ba a taɓa gani ba a ƙasar nan. Kafin ta gama kaɗawa kiredina ya ƙare. Na sa wani, aka ce in sake kode, wato lambar sirri. Na sake, aka ce bai yi ƙarfi ba. Da ƙyar na shiga, na iske komai ya koma Faransanci, sabon zance ba ya hawa sama sai wanda aka fi danna wa alamar so. Bidiyon wani yaro yana sumbatar tantabara shi ya yi ta zama a sama kamar an kafe shi da ƙusa. Cigiya kuwa na duba sama, na duba ƙasa, babu ita.

Na sami Alhaji a shagonshi na ce, "Alhaji, wanga gyara naka garin gyaran gira za a rasa ido. Ina Cigiya?"

Ya ce, "Komi na nan, ƙanena, ba a taɓa komi ba. Ku dai ba ku son ci gaba. Da sannu za ku saba."

Ba mu saba ba. Masu ƙananan wayoyi su suka fara ɓacewa, don wurin ba ya buɗe musu. Dattawan da ba su yi lakkol ba, wato boko, suka bi. Sauran kowa ya kama gabanshi, mutanen Gaya suka yi ɗan gurufinsu na waya, na Gene suka yi nasu, na Madekali suka yi biyu don ba sa shiri. Sai ka yi sallama a zaure ranar Litinin, a amsa maka ranar Alhamis, shi ma mai tallan maganin basir ne. Ni da taurin kai na ci gaba da leƙawa, kamar mai zuwa tsohuwar tasha bayan an tashe ta.

A haka hadarin farkon damina ya taso wata la'asar, tantabaruna na sama. Iska ta kwashe su ta yi gabas da su. Kafin magariba duk sun dawo ɗaya bayan ɗaya, ban da Jandarma. Abin da ya ƙara tada mini hankali, macenshi tana kan ƙwai biyu, na farko da suka yi tun bayan cutar nan. Mai kiwo ya san kwancin tantabara aikin biyu ne, namiji ya karɓa da rana, mace ta kwana. In ɗaya ya ɓace, ɗayan ba ya jurewa.

Na rubuta cigiya a inda na ga ana rubutu, a babban shafi, na sa hotonshi. Nan take ta nutse ƙarƙashin bidiyon yaron nan. Na bi gidajen masu kiwo na cikin gari, na hau kwale-kwale na tsallaka Gaya, na roƙi wanda na sani ya tura hoton a gurufinsu. Kowa ya ce Allah ya bayyana. Macen ta yi iya ƙoƙarinta, tana sauka ta tsinci gero a gurguje ta koma, har wata rana na iske ta a kan katanga, ƙwan sun yi sanyi. Matata ta ce, "Maigida, ka yi haƙuri, shaho ya ci rabonshi." Na yarda.

Wata ya tsaya, ya raba, har ya kusa mutuwa. Ina zaune a rumfa da rana tsaka ina jiran wata mota daga Gene, ina latse-latsen waya don zaman banza, sai yatsana ya taɓa wasu 'yan layuka uku a lungun shafin, waɗanda na ɗauka ado ne. Wani jeri ya zubo. Can ƙasa, bayan talla da gasar hoto da tarihin Alhaji, ga wani wuri da aka sa wa suna da Faransanci, wai tarkace. Na danna. Ashe nan aka cusa Cigiya. Kuma abin da na fara gani shi ne Jandarma, tsaye a bakin akurkin wani, ƙirji a gaba, zoben na ƙafarshi. Wani dattijo ne daga Garu ya sa, kashegarin hadarin. Duk Juma'a sai ya sake sawa da 'yan kalmominshi: "Har yanzu shina nan, mai shi ya zo." A ƙasa an rubuta yawan waɗanda suka gani. Ba kowa, sai ni. Cigiyata da tashi suna gida ɗaya duk tsawon lokacin nan, ɗaki ne kawai ya raba su.

Ko rumfar ban rufe ba na hau kabu-kabu sai Garu. Hanya duk taɓo, ni kuwa sai cewa nake a ƙara wuta. Na iske dattijon a ƙofar gida yana ɗinkin taru. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya ajiye allurar, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma.

Ya ce, "Ɗana, ina ka shiga? Kowace Juma'a sai na hau keke na tahi bakin titi inda rezo ke kamawa, don abin nan ba shi buɗewa a gida. Wata ya tsaya ban taɓa shi ba, na ce tsuntsu mai zobe da mai shi. Amma ya hana nawa shiga akurki, duk ya zubar musu da gashin kai. Shekaranjiya ɗiyata ta haihu, jikin ba ƙarhi, sai na haɗa shi da 'yan shila biyu aka yi mata romo."

Mutumin ya cika doka har ya ƙara. Sai na ji kaina ina cewa, "Baba, Allah ya raya, ya ba maijego lahiya." Ya shiga ciki ya fito da zoben, an wanke shi tas, ya ɗora mini a hannu. Ya ce, "Namanshi ma tauri, wallahi." Na yi dariya, hawaye na zuba, duk a lokaci ɗaya.

Daga can shagon Alhaji na zarce, taɓo har gwiwa, na ajiye zoben a kan teburinshi na ba shi labari. Ya saurara, ya jajanta, sannan ya ce, "To ka gani, ai na hwaɗa maka Cigiya na nan, ba a cire ta ba." Wai ma in kwantar da hankalina, ya yi magana da mutanen Kotonu za su sake sabon fasali don jama'a su dawo. Na ɗauki zobena na fita, don in na ƙara minti ɗaya zan faɗi abin da zumunci ba zai ɗauka ba. Sun sake ɗin kuwa. Ba wanda ya dawo.

Abin da na koya shi ne, wurin taruwa ba fenti ke riƙe shi ba, sabo ne. In za ka gyara inda mutane suka saba, fara tambayar mai ƙaramar waya da ke tuƙa keke zuwa bakin titi, kuma kada ka matsar da ƙofa ba ka faɗa wa kowa ba. Yanzu in tantabara ta ɓace mini, a ƙofar masallaci nake cigiya da bakina. Zoben yana nan cikin makullan rumfata, shi ke nan abin da ya rage mini na kiwon yayana.