Ɗangana Ba Ya Tada Fasinja

A gungunsu, wani tsibiri a tabkin Kainji, kowa ya san Ɗangana da abu biyu: zolaya, da kwalekwalen da ya gada wurin babansa. Ya yi kamun kifi, ya yi dakon albasa zuwa kasuwar Yelwa, da gwiwa ta fara gardama sai iyayen yara suka ba shi aikin ƙetarar da 'yan sakandare zuwa makarantar da ke bakin tabki, wajen Ngaski. Yana son aikin nan kamar me. Ya ce da yara suka shigo jirginsa tsufa ta sauka.

Doka ɗaya gare shi, wadda Innarsa ta koya masa tun yana ƙarami. Ba a tada mai barci a kan ruwa, don in ya zabura sai ya kifar da jama'a.

To, ga fasinjojin nasa 'yan barci ne na bugawa a jarida. Samari da 'yan mata barci ba ya ɗaukarsu da wuri, kuma daga sallar asuba wannan ya taya babansa janye komar kamun kifi, waccan ta juya kifi a banda. Suna ɗaura rigar ruwa, kai ya langaɓe. Shi kuwa Ɗangana, tausayi ya kama shi, sai ya sassauta filafilin tuƙi. Kullum a makare, kullum bulala a bakin ƙofa.

Shugabar makaranta, Malama Zakiyya, ta gaji. Mace ce mai kirki amma ba ta wasa da lokaci. Ta ce masa, "Baba, in aka sake makara, zan sa iyaye su nemo mai jirgin inji."

Ranar ko zolayar da ya saba yi wa mai ƙosai a gaɓa bai yi ba.

Sai dai Malama ba ta yanke hukunci da ka. Ta ce sai ta ga inda lokacin ke tafiya. Ta kwana a gungu wurin ƙawarta Mansura, da safe ta shigo jirgi ta zauna a tsakiya, tana duba agogo, tana harararsa. Ɗangana ya dage da tuƙi, har gumi. Amma iskar safiya a Kainji ba ta san shugaba ba. Ruwa na lallashin gefen jirgi, wata yarinya, Fiddausi, ta jingina kai a kafaɗar Malama. Kafin a kai rabi, ita ma Malama ta bi sahu, har da ɗan munshari.

Ɗangana ya sassauta filafili.

Da ta farka, jirgi na ɗaure a gaɓa, ƙarar ƙararrawa ta daɗe da wucewa. Ta zabura. "Innalillahi! Baba, me ya hana ka tada ni?"

"Ranki ya daɗe, ni ban taɓa tada fasinja ba. In korar ce, a kore ni da halina."

Ta dubi yaran nan jere suna barci, baki buɗe, hannun Fiddausi duk baƙin hayaƙin banda. Sai ta gyara wa yarinyar hijabi.

A taron iyaye da malamai ita da kanta ta ba da labarin, aka yi ta dariya. Aka matsar da ƙararrawa gaba kaɗan, a riƙa ramawa da rana. Mai inji bai zo ba.

Har yau in Malama ta leƙo gaɓa, Ɗangana kan ɗaga filafili ya ce, "Ranki ya daɗe, akwai wuri a tsakiya, na ma sa matashi."