Abokin Baffa da Bai Samu Kabari Ba

Baffana, yayan mahaifina, sojan ruwa ne, abin da har gobe yake ba ni dariya. Mutumin da ya tashi yana bin shanu a bayan ƙauyen Miri, kusa da Bauchi, wanda bai san ruwan da ya wuce na rafi da rijiya ba, shi ne ya ƙare a kan teku lokacin yaƙin basasa. In muka tsokane shi, sai ya ce layi biyu ya tarar a wurin ɗaukar soja, ya bi gajeren don yunwa yake ji.

Ba ya ba da labarin yaƙi. Na amai kawai yake bayarwa, yadda ya yi kwana da kwanaki a jirgi yana rungume da bokiti kamar jinjiri.

A unguwa kuwa da zuwa jana'iza aka san shi. Ko bai san mamacin ba, yana jin sanarwa zai jawo hularsa. In aka zo rufe kabari, sai ya ɗebi ƙasa ya zuba kamar kowa, ya ja baya, ya yi shiru, sannan ya dawo ya sake zubawa. Mutane suka ce tsufa ne. Ni kam kunya abin yake ba ni, don ni nake raka shi.

Wata rana muna dawowa daga maƙabarta a keke na kasa haƙuri.

"Baffa, wai me ya sa kake zubawa sau biyu?"

"Ta biyun ba ta mai kabarin ba ce," in ji shi.

Ashe yana da aboki a jirgin, ɗan wani malami daga cikin gari. Su biyu ne 'yan Bauchi, abokin ne yake nemo musu alƙibla duk sanda jirgi ya juya. Ran nan aka buɗe musu wuta daga gaɓa, abokin ya faɗa ruwa, ruwa ya tafi da shi.

"Ba wanka, ba likkafani, ba ƙasa. Ina gefensa, amma ko rigarsa ban kamo ba. Bai yi aure ba, iyayensa sun rasu. In ban tuna shi ba, wa zai tuna?"

Tun daga ranar, in ya ja baya a bakin kabari, sai in tare masa hanya kada a rufa masa wuri.

Bara ƙafar Baffa ta ƙi, tunani ma ya fara guduwa. Aka yi rasuwa a maƙwabta, ina shirin fita ya kira ni daga kan tabarma.

"Ɗana, ka zuba masa ta biyun."

"To, Baffa. Faɗa mini sunansa in sa shi a addu'a."

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi rufin ɗaki, leɓɓansa suna motsi. Sunan ya tafi. Ban taɓa ganin Baffa yana kuka ba sai ranar, kuma wallahi na so ƙasa ta tsage in shige don tambayar da na yi.

Na durƙusa na riƙe hannunsa. "Allah ya san shi, Baffa."

Ya share fuska da bakin rigarsa.

"To, ka ce abokina. Ni kaɗai gare shi."